Hannun da Isa na Dosara Ya Miƙo

Ku yaran yanzu kuna ganin ɗaurin hannu ba sana'a ba ce. Na ji da kunnena wani cikinku yana cewa ai ko mai ɗaure buhun albasa zai iya, tunda nannaɗa zare ne kawai a dunƙulen hannu. Ban yi fushi ba, dariya na yi, don mai maganar na gan shi ranar nan ya ɗaure wa abokinsa, kafin a gama turmin farko zaren ya warware yana jan ƙasa kamar akuya ta tsinke. Sunana Sanda. A Talata Mafara aka haife ni, gidan mahauta, kuma na haura shekara arba'in ina ɗaure wa 'yan dambe hannu. Abin da ya sa na zauna ba ku labarin nan shi ne gardamar da aka yi a kan bango.

Ga wanda bai sani ba, Nasiru jikan yayana shi ke riƙe da gidan damben bayan kasuwa yanzu. Ya sa an shafe bangon ƙofar shiga da farin fenti, ya ce za a rubuta sunayen waɗanda suka kafa wasan a ƙasar nan, daga Mafara zuwa Bakura da Maradun. Wai haka ake yi ko'ina, ya gani a wayarsa har a Amurka masu wasan dukan ƙwallo da sanda suna ta musu kan baƙaƙen fatar da suka fara shiga wasan suka buɗe wa 'yan'uwansu hanya. Sunayen mahauta ba su ba da wahala ba. Da aka zo kan manoma, wato wa ya fara shiga fage alhali ba ɗan mahauta ba ne, kowa ya ce Nomau Mai Babur na Dakko. Ni na san ba shi ba ne. Kuma ba yadda zan faɗi sunan na gaskiya a yarda da ni sai na tona kuskuren da na daɗe ina rufewa, ni da makaɗa ke yi wa kirari da cewa ban taɓa ɓata hannu ba.

Amma bari in fara da zaren, don in ba ku san aikin ba ba za ku gane girman kuskuren ba.

Ni a fawa ban yi abin kirki ba. In aka ba ni fiɗa sai na huda fata, in aka bar ni a teburi sai na yi wa mai saye gyara har babana ya rasa riba. Da ya gaji sai ya miƙa ni ga ƙanen mahaifiyata, Kawu Labbo, wanda shi ke ɗaure wa 'yan damben unguwarmu hannu. Shekara uku ban taɓa hannun mutum ba. Aikina in tafi Damri ranar kasuwa in sayo abawa wajen tsofaffin da ke kaɗi, in dawo in zauna in yi ta tufka har cinyata ta yi kanta. In na kawo masa zaren sai ya ja shi tsakanin yatsu biyu ido rufe, in ya ji wuri guda ya fi wani kauri sai ya jefo mini. Da ya ga tufkata ta fara kama hanya sai ya sa ni koyon ɗauri a kan taɓarya, daga nan ya koma karɓo mini ƙafar saniya a teburin babana, wai ita ce ke da gaɓa irin ta mutum. Na ɗaure ƙafafun shanu da yawa kafin a dafa su.

Jakar aikin ba ta da nauyi. Ƙyallen saƙi ne da aka wanke har ya yi laushi, da zare, da 'yar wuƙa, da man kaɗe a gwangwani, sai buta. Za ka fara shafa man a wuyan hannu ka murza har jijiya ta saki. Sai mutum ya dunƙule, ka duba inda babban yatsa ya kwanta, don in ya leƙo waje a dukan farko zai goce. Ka naɗa ƙyalle, sannan ka ɗora zare daga wuyan hannu ka gangaro, kowane zagaye ya danne rabin na bayansa. Kana yi kana yayyafa ruwa kaɗan, saboda zaren auduga in ya sha ruwa ya fara bushewa yana ƙara kamawa. Wannan kamawar ita ce duk sirrin. Dole ka bar mata wuri tun kana ɗauri, ka san yadda hannun zai kasance bayan an yi sallar la'asar, ba yadda yake a gabanka ba.

Ranar da na tambayi Kawu Labbo me zai faru in an matse da yawa, sai ya ɗauko zare. Ya ce in miƙo hannuna. Ya ɗaure shi tam, ya jiƙa, ya ce in zauna gindin bishiyar bedi in jira shi, ya tafi cin kasuwa. Da farko zafi na ji, daga baya na ji kamar tururuwa na yawo a yatsuna, can kuma sai na daina jin komai, hannun ya koma kamar na aro. Da ya dawo ya kwance, sai da na yi hawaye lokacin da jini ya komo. Ya ce mini, “To ka gani. Wanga hannu da ba ka ji, da shi kaka so ɗan mutane shi shiga gaban mai son kashe shi?” Kisa a bakinmu shi ne a kai mutum ƙasa, ko da gwiwa ce ko tafin hannu ya taɓa. Tun daga ranar ban sake matse wa kowa ba.

Masu kawo hannu kuwa iri-iri ne. Akwai mai zuwa da laya ya ce a sa masa a tafi, wannan ba ruwanka, ka sa. Akwai wanda ya taɓa zuwa mini a Bakura da guntun ƙarfen keke a aljihu, yana yi mini raɗa wai ba wanda zai sani. Na ce masa ni zan sani, na tattara jakata na bar shi da hannu tsirara, sai wani ya nema. Akwai kuma manyan da in sun fito fage ƙasa ke rawa, amma in ka riƙe wuyan hannunsu sai ka ji jijiya na bugawa kamar ta ɗan tsako. Mai ɗauri ya fi makaɗi sanin wa ke tsoro, bambancin shi ne mu ba mu faɗa. Wasu sun mutu, wasu suna nan da jikoki, kuma ko yau ba za ku ji sunan ko ɗaya a bakina ba.

A wancan zamani wasan rabe yake. Manomi kokawa, mahauci dambe. Ba doka ce rubutacciya ba, haka kowa ya tashi ya gani. In kaka ta yi aka kai amfani gida, mu mahauta sai mu bi garuruwa da shanun yanka da makaɗa, a ci kasuwa da rana, da la'asar a buɗe fage. Manoma su kewaye mu suna kallo suna ba da kyauta, amma ba wanda zai cire riga a cikinsu. In ma wani ya yi sha'awa, ubansa ne zai fara kama masa kunne.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya ɗauke tun gero na bunni bai yi ƙwaya ba, dawa ta tsaya iya gwiwa ta ƙone. Shanu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, ga su da arha amma ba mai sayen nama, don wanda ba shi da tuwo ba ya tambayar nama. Yawon garuruwa ya tsaya. Kawu Labbo ya koma tufka igiyar guga yana sayarwa, ni kuma ina bin motocin shanu ina taya lodi. Dambe bai mutu gaba ɗaya ba saboda mutum ɗaya, Alhaji Dango, babban mahaucin unguwarmu, wanda ke da ɗan rufin asiri. Ya ce duk ranar Talata a buɗe fage ko don mutane su manta da yunwa na ɗan lokaci, kuma duk wanda ya shiga, ya kashe ko an kashe shi, yana da tiya guda ta gero. Ɗansa Bawa shi ne gwanin lokacin, saurayi mai ƙirji kamar ƙofar zaure.

Wata Talata ana shirin farawa, ina zaune ina warware zare, sai ga wani dogon mutum da fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya. Ya ajiye fartanyar, ya durƙusa gaban Alhaji Dango ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da kasuwa da gajiya. Sannan ya ce sunansa Isa, daga Dosara yake, ƙodago ya zo nema bai samu ba.

“Ranka shi daɗe, ba rigima ta kawo ni ba,” in ji shi. “Na ji an ce wanda duk yas shiga ana ba shi tiya. Ɗiyana ukku, kwana biyu ba mu aza tukunya ba.”

Alhaji Dango ya ce, “Ɗan wa kake cikin mahautan Dosara?”

“Ni manomi na, ubana ma manomi na.”

Nan fa wuri ya kaure. Dattawa suka ce ba a taɓa yi ba, in aka bari yau gobe kowane mai garma sai ya cire riga. Wasu suka ce a ba shi geron sadaka ya tafi. Isa ya ce shi bai zo bara ba, in ba a bar shi ya shiga ba, zai ɗauki fartanyarsa ya tafi. Alhaji Dango ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce to a bar shi, kuma Bawa ne zai kara da shi, don ya koma ya ba mutanen Dosara labarin yadda hannun mahauta yake.

Saura ɗauri. Manyan masu ɗauri uku ne a wurin, kowa ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a jakarsa. Kawu Labbo ma bai so a ce shi ya fara ɗaure wa manomi ba, amma bai so a bar baƙo a tsaye. Sai ya waiwayo ya ce, “Sanda, taho ka ɗaure mai.” Wannan shi ne hannun mutum na farko da aka ba ni ni kaɗai, ga jama'a sun zuba ido, ga kalangu ya fara. Jikina na rawa na shimfiɗa buzu, na ce masa, “Malam, miƙo hannu.” Ya miƙo dama.

Na yi aiki mai kyau, wannan ko gaban wa zan faɗa. Na murza, na naɗa, na bar wa zare wurin kamawa. Na lura hannun bai cika tafina yadda na zata ga mutum mai wannan tsawo ba, amma na ce yunwa ce. Da na gama ya juya dunƙulen ya dube shi, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya dubi dattawan da ke zaune, ya ce mini, “Allah shi yi albarka.” Ya tashi ya shiga.

Turmin farko kowa ya zata ba zai kai ƙarshensa ba. Bawa ya yi ta kawo duka, Isa na tarewa da buɗaɗɗen hannunsa na hagu. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne duk lokacin da hagun nan ya dafa ƙirjin Bawa ya tura, sai Bawa ya yi baya taku biyu ko uku. Amma in Isa ya kawo duka da ɗaurarren hannun, sai ya tafi a karkace kamar mai koron kaji. Tsayuwarsa ma a birkice take, ƙafar da ya kamata ta kasance gaba tana baya. Mutane na dariya suna cewa manomi bai iya ba. Ina cikin masu dariyar na ji an damƙe mini kafaɗa. Kawu Labbo ne, bakinsa dab da kunnena.

“Ka tambaye shi da wane hannu shika noma?”

Na ce a'a.

“Bahago na. Ka ɗaure mai hannun banza.”

Na yunƙura zan tashi ya danne ni. A al'adar fage in kiɗa ya fara ba a sake ɗauri, wanda aka kwance wa hannu ya sallama ke nan, kuma wanda ya sallama ba shi da tiya. Haka na zauna ina kallon mutumin da yunwa ta koro daga Dosara yana faɗa da gwanin Mafara da hannun da ko fartanya ba ya riƙewa da shi. Ya tsaya turmi na farko, ya tsaya na biyu, bakinsa na jini. Dariya ta ɗauke, har manoman da ke kallo suka fara matsowa suna kiran sunan garinsu. A turmi na uku Bawa ya same shi a gefen kunne, gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

Alhaji Dango ya ji daɗi ƙwarai. Ɗansa ya yi kisa, kuma an sha kallo. Ya sa aka auna wa Isa tiya biyu maimakon ɗaya, ya ƙara masa da haƙarƙarin sa, ya kuma ɗaga murya ya ce Talata mai zuwa ma in akwai manomin da ke jin ƙarfi ya taho, ƙofa buɗe take. Ni kuwa da na zo kwance zaren ban iya haɗa ido da mutumin ba. Na ga ya sa hagu ya ɗauki buhun geron kamar ba komai a ciki. A nan na gane abin da ya faru. Baƙo ne a gaban manya, an ce ya miƙo hannu, kuma ɗan da ya sami tarbiyya ba ya miƙa wa mutane hagu. Da na ɗaure kuma, kunya ta hana shi cewa mahauta sun yi kuskure a fagensu. Na so in bi shi in ba shi haƙuri, Kawu ya ce in rufe bakina, in maganar ta fita an gama da ni a sana'ar tun ban fara ba, kuma kisan Bawa ya zama abin gori. Na yi shiru, kuma na ji kunyar shirun nan fiye da kuskuren.

Kun sha ganina in sabon yaro ya zo ina jefa masa goro kafin in taɓa shi, har wasunku na cewa wani asiri ne. Ba asiri ba ne. Hannun da ya cafe goron shi nake ɗaurewa, don baki na iya jin kunya amma hannu in abu ya taho masa ba ya tsayawa ladabi. Daga kan Isa na fara.

Isa bai sake dawowa ba, damina ta gaba ta yi kyau ya koma gonarsa. Amma Talatar da ta biyo manoma biyu suka cire riga, bayanta huɗu. Dattawa suka yi gunaguni suka gaji. Bayan 'yan shekaru Nomau ya taso daga Dakko, ya kashe na Mafara, ya kashe na Bakura, ya je har birni ya ciwo babur ya shigo da shi gari ana bin sa da gudu. Ni na ɗaure masa hannu a yawancin wasanninsa, kuma ban ga laifin wanda ya ce shi ne babba ba. Amma babba daban, na farko daban.

Ranar da Nasiru ya tara mu don a tsayar da sunaye, da hantsi ne, a rumfar gidan damben. Ga matasa, ga mu tsofaffi 'yan kaɗan, ga Nomau kansa an kawo shi, ya tsufa ya yi ƙiba, yana dogara sanda. Mai fenti na tsaye da gwangwaninsa. Da aka ce a rubuta Nomau a saman layin manoma sai na ce a dakata, akwai Isa na Dosara.

Nasiru ya ce, “Baba Sanda, wane na Isa? Wa yak kashe?”

Na ce bai kashe kowa ba, sau ɗaya ya shiga, kuma shi aka kashe.

Matasa suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce in haka ne shi ma a rubuta kakansa, ya taɓa faɗuwa a kan jaki. Wani mai ɗan hankali ya ce shi a ganinsa wanda ya buɗe hanya shi ne wanda ya sa aka daina raina manoma, kuma wanda ya zo ya sha kashi ya tafi ai ƙara raini ya yi. Wani ya ce a'a, wanda ya fara cire riga shi ya ɗauki zagin, na baya inuwa suka tarar. Aka rabu biyu ana ta cacar baki. Nomau ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Ni babur nic ciyo. Shi mi yac ci? Gero.”

Na ga in ban faɗa ba maganar ta mutu, kuma daga ni ba sauran wanda ya sani, Kawu Labbo da Alhaji Dango da Bawa duk sun riga mu gidan gaskiya. Sai na miƙe na ba su labarin kamar yadda na ba ku yanzu, ban rage komai ba. Na ce mutumin nan turmi biyu da rabi ya yi gaban Bawa ɗan Dango da hannun da ba nasa ba, da yunwar kwana biyu, kuma ni Sanda ni na ɗaure masa shi don ban tambaya ba. Na ce kirarin da ake yi mini ƙarya ne tun daga hannun farko.

Tsohon makaɗinmu ya dube ni ya ce, “Ashe shekara arba'in kana sa ni ƙarya da kalangu.” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Nomau ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce, “Gaskiya ɗaya ta. Ran da niz zo garin ga in shiga, ba wanda yat tambaye ni ɗan wa nike. Ban taɓa tunanin dalili ba.” Ya juya ga mai fenti ya ce, “Sa shi bisa. Amma nawa ka yi shi da manyan baƙaƙe.” Nasiru ya ce ya yarda, sai dai ba a rubuta sunan mutum a bangon gidan dambe ba da izninsa ba, wataƙila yanzu dattijon masallaci ne ba ya so jikoki su ji. Ya ce tunda ni na tayar da maganar, ni zan nemo shi.

Na sha tambaya kafin in same shi. Ashe ya bar Dosara tun da hanyoyi suka lalace, yana cikin garin Maradun wajen ɗansa. Na isa bayan azahar, na tarar da shi a ƙofar gida kan tabarma yana sa wa fartanya ƙota. Ya rame, idonsa ya yi hazo, amma tsawon na nan. Na yi sallama, muka gaisa, ya tambayi hanya da gajiya da mutanen Mafara da yadda muka ji da zafi, na tambayi iyali da jiki da damina. Aka kawo ruwa na sha. Sai da muka natsa na ce ni ne Sanda, wanda ya ɗaure masa hannu shekarar fari.

Ya ajiye fartanyar ya matso da fuskarsa kusa da tawa. “Kai na ɗan saurayin ga mai rawar jiki?”

Na ce ni ne. Na gaya masa zancen bango, da gardamar da aka yi, da abin da Nomau ya ce. Ya yi ta dariya har da tari, ya ce shi da ya je neman gero ina shi ina bango, amma in yara na so su rubuta, ba ya hana su. Sannan na gyara zama na ce akwai abin da ya fi wannan kawo ni. Na ce na san bahago ne, na sani tun ana turmin farko, na cuce shi kuma na yi shiru, ina roƙonsa gafara tun muna da rai.

Ya ce shi ma ya daɗe yana jin haushin kansa da bai buɗe baki ba, duk hanyar Dosara ranar yana tafe yana zagin kunyarsa. Amma da ya girma ya ga 'ya'yan manoma na shiga fage ba mai hana su, sai ya sake lissafi.

“Sanda, kai da kas san mahauta,” in ji shi. “Da ka ɗaure man hagu, na kashe ɗan Alhaji gaban ubanai, gaban kasuwa duka, kana jin da ya ce wani manomi shi taho Talata mai zuwa? Da ko geron ban samu ba sai da rakiya. Na yahe ma, amma ban ga abin yahewa ba.”

Na ce, “Wai kana da tabbacin da ka kashe Bawa?”

“Turmin farko.”

Na ce tsofaffi dai ba mu rabuwa da cika baki, tunda Bawa ba ya nan balle ya ƙaryata. Sai ya ɗora hagun a kan gwiwata. Na kama wuyan hannun kamar yadda na kama dubbai, na bi jijiyar da babban yatsa, na ce ya dunƙule. Tsoho ne da ya ba saba'in baya, fata ta saki, amma dunƙulen nan ya cika tafina biyu, ƙashin kamar turmin daka. A duk hannayen da na ɗaure, har da na Nomau, ban riƙe irinsa ba. Na sake shi a hankali na ce masa ba ƙarya ya yi ba.